Famfon ruwa na mota: ta yaya yake hana mota tashi?

A wannan fili mun saba yin magana kan lafiyar jiki da aikin gona. Yau za mu yi magana kan mota. Kada ku yi mamaki. Mota ce ke kwasar albasar Galmi zuwa kasuwa. Ita ce ke kai gero da wake daga ƙauye zuwa Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa. Ita ce kuma ke ɗaukar mace mai naƙuda cikin dare zuwa gidan likita. A ƙauyuka da yawa mota ɗaya ce tal. Ranar da ta ƙi tashi, tumatir ya ruɓe a gona, mara lafiya ya kwana a gida. Don haka lafiyar motar gari ta shafi kowa, ba direba kaɗai ba.

Ga misalin abin da ke faruwa sau da yawa. Ƙungiyar manoma tana da mota ta ɗaukar kaya. Wata rana da safe direba ya murɗa makulli, mota ta ƙi tashi. Aka ce batir ya mutu. Aka tara kuɗi aka sayi sabo. Mota ta tashi, kowa ya yi murna. Bayan kwana kaɗan ta sake ƙin tashi. Aka ce mai kanti ya sayar da batir mara kyau. Sai da makanike ya buɗe gaban motar ya duba da kyau, sannan ya gane ciwon ba na batir ba ne. Famfon ruwa ne ya lalace. Kuɗin batir sun tafi a banza.

To, me ya haɗa famfon ruwa da tashin mota? Wannan ita ce tambayar da za mu amsa.

Mene ne famfon ruwa?

Da farko mu bambanta abu biyu. Ba muna magana kan injin ban ruwa na garka ba, wanda ke jawo ruwa daga rijiya lokacin noman rani. Muna magana kan wani ƙaramin famfo da ke manne a gaban injin mota. Girmansa bai fi ƙwarya ƙarama ba.

Inji yana ƙona isansi ko gazuwal don ya samu ƙarfi. Wannan ƙuna tana kawo zafi mai yawa. Idan zafin bai fita ba, ƙarfen inji zai lalace. Shi ya sa aka yi hanyoyin ruwa a cikin jikin inji. Ruwa yana bi ta hanyoyin, ya kwashi zafi, ya tafi radiyater, wato tankin ruwa mai ƙananan ramuka da ke gaban mota. A can iska da fanka suna sanyaya shi. Daga nan ya koma cikin inji.

Ruwan ba ya zagayawa da kansa. Famfon ruwa ne ke tura shi, kamar yadda zuciya ke tura jini a jikin mutum. A cikin famfon akwai abubuwa uku da ya kamata mu sani:

1. Farfela, mai juyawa tana tura ruwa.
2. Rulma, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke sa sandar famfo ta juya cikin sauƙi.
3. Wani zobe da ke tare ruwa, ya hana shi fita ta wajen sandar.

Inji mai lafiya yana aiki da zafi na wajen digiri 80 zuwa 95. Ruwa kuwa yana tafasa a digiri 100 idan tukunya a buɗe take. Murfin radiyater yana matse ruwan, shi ya sa ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Kun ga tazarar ba ta da yawa. A ƙasarmu, cikin watan Afrilu da Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40. Motar da ta ɗauko buhunan albasa daga Madawa za ta Yamai tana tafiyar ɗaruruwan kilomita cikin wannan zafi. Idan famfonta ya tsaya, minti kaɗan sun isa ruwan ya tafasa.

Ba famfon ruwa ke tada mota ba

Mu faɗi gaskiya tun a nan: famfon ruwa ba ya cikin abubuwan da ke tada mota. Kafin mota ta tashi tana buƙatar batir mai ƙarfi, da demarer wanda ke juya inji idan an murɗa makulli, da mai, da iska, da wutar buji a motar isansi, da matsi mai kyau a cikin silinda. Mota mai mataccen famfo tana iya tashi da safe kamar ba abin da ya same ta.

Amma famfon da ya lalace yana ɓata abubuwan da ke tada motar. Kamar mutum ne mai tsutsar ciki: ba tsutsa ce ke riƙe masa hannu ta hana shi ɗaukar hauya ba, amma ita ce ta shanye jininsa har ya kasa. Famfon ruwa yana hana mota tashi ta hanya huɗu.

Hanya ta 1: yana kashe batir

A gaban inji akwai wata ɗamarar roba da ake kira kuruwa. Inji ne ke juya ta, ita kuma ta juya famfon ruwa. A motoci da yawa, kamar tsohuwar Peugeot 504 da muka sani a hanyoyin karkara, kuruwa ɗaya ce ke juya famfon ruwa da dinamo. Dinamo shi ne ke cika batir lokacin da mota ke tafiya.

Idan rulman famfo ya ci, sandar famfo tana yin lilo, ko ta yi tauri. Kuruwa sai ta riƙa zamewa tana ƙara. Idan ruwa na ɗiga a kanta, zamewar ta ƙaru. Dinamo ba ya juyawa yadda ya kamata, batir ba ya cika. Kullum ana ɗiba, ba a zubawa, kamar rumbun da ake ci ba a noma. Wata rana da safe sai a murɗa makulli a ji “kas, kas”, ko a ji inji na juyawa a hankali kamar mai jin barci.

Wannan shi ne abin da ya samu motar ƙungiyar da muka ba da misali. Sabon batir ya zo da cikarsa, ya yi kwana kaɗan, shi ma ya ƙare, don ba a gyara tushen ciwon ba.

Idan rulman ya kafe gaba ɗaya, kuruwa na iya tsinkewa a kan hanya. A lokacin direba zai ga abu biyu: jar fitilar batir ta kama, kuma allurar zafi ta fara hawa. Duk direban da ya ga waɗannan biyu tare, ya tsaya nan take.

Hanya ta 2: zafi yana ƙona kan inji

Wannan ita ce hanya mafi muni. Inji kashi biyu ne: jiki a ƙasa, kai a sama. Kan shi ake kira kulas. Tsakanin su akwai wani faifai siriri da ake kira juwan. Aikinsa shi ne raba abu uku kada su haɗu: ruwa, da man inji, da wutar silinda.

Idan famfo ya daina tura ruwa, ko ruwan ya tsiyaye, inji yana yin zafi fiye da kima. Juwan ya ƙone. Kulas ya lanƙwashe, wani lokaci ma ya tsage. Daga nan sai ɓarna ta biyo baya:

– Matsi yana zurarewa daga silinda. Inji yana juyawa amma ba ya kamawa, ko ya kama da ƙyar. Injin gazuwal ya fi jin wannan, don shi ba ya da buji mai ba da tartsatsi, matsi ne ke kunna masa mai.

– Ruwa yana shiga silinda cikin dare lokacin da mota ke tsaye. Ya jiƙa buji. Da safe mota ta yi ta tari, tana girgiza, tana fitar da farin hayaƙi mai yawa.

– Idan ruwan ya yi yawa a silinda, fisto ba ya iya hawa, don ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Inji ya ɗan juya ya tsaya cak.

A nan akwai gargaɗi babba. Mun saba, idan mota ta ƙi tashi, sai samari su taru a tura ta. Idan akwai ruwa a silinda, tura mota ko jan ta da wata mota don ta tashi yana lanƙwasa sandar fisto. Gyaran da zai tsaya a kan famfo da juwan sai ya koma sauke inji gaba ɗaya. Idan mota ta yi zafi jiya, yau kuma ta ƙi juyawa, kada a tura ta. A kira makanike ya kwance buji ya duba ko akwai ruwa.

Hanya ta 3: yana tsinka kuruwar ciki

Ba duk motoci ne ginin su ɗaya ba. A wasu motoci, kamar Peugeot 405 da 406, famfon ruwa yana juyawa da wata kuruwa mai haƙora da ke ɓoye cikin murfi. Wannan kuruwa ita ce ke daidaita buɗewa da rufewar ƙofofin silinda, waɗanda makanikai ke kira supap. Dole su buɗe su rufe daidai da hawa da saukar fisto.

Idan famfo ya kafe, haƙoran kuruwar suna zubewa, ko ta tsinke. Mota ta mutu nan take. Idan an murɗa makulli, sai a ji inji na juyawa da sauri, da sauƙi fiye da yadda aka saba, amma ba ya kamawa. A injuna da yawa fisto yana bugun supap ya lanƙwasa su. Ci gaba da murɗa makulli yana ƙara ɓarna ne kawai.

Shi ya sa makanike na gari, idan zai canza wannan kuruwa, yakan ce a canza famfon ruwa tare da ita. Ba don ya ci kuɗinmu ba ne. Aikin kwancewa ɗaya ne, kuma tsohon famfo yana iya kashe sabuwar kuruwa.

Hanya ta 4: ruwan da ke zuba yana ɓata wuta

Ruwa da wutar lantarki ba sa shiri. Ruwan da ke fita daga famfo, kuruwa da fanka suna watsa shi a kan dinamo da wayoyi. A hankali bakin wayoyi ya yi tsatsa, wuta ta daina wucewa da kyau.

Motocin zamani suna da wata ƙaramar na'ura da ke auna zafin ruwa. Ita ke gaya wa kwamfutar mota ko inji da sanyi yake ko da zafi, don a ba shi mai daidai. Idan ruwa ya ragu har na'urar ta rasa ruwan da za ta auna, tana ba da labarin da ba daidai ba. Mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, mota ta yi wuyar tashi.

A tsofaffin motocin isansi kuwa, zafi mai yawa yana sa isansi ya zama tururi a cikin tiyo kafin ya isa inji. Mota ta tsaya a tasha da zafinta, ta ƙi tashi sai ta huce. Motar da ke tashi lafiya da safe amma ta ƙi tashi idan ta yi zafi, a duba mata ruwa.

Alamomin famfon da ya fara lalacewa

Famfon ruwa ba ya yawan mutuwa rana ɗaya. Yana ba da alamu tun da wuri:

1. Ruwa na ɗiga a ƙasa, daidai gaban inji, inda mota ta kwana.
2. A ƙarƙashin famfo akwai ƙaramin rami. Idan ruwa na fita ta nan, ko an ga sawun tsatsa ko fari-fari kamar kanwa, zoben ciki ya mutu.
3. Ana ƙara ruwa kullum, kullum yana raguwa.
4. Ana jin ƙara a gaban inji kamar ana niƙa tsakuwa, ko kuka kamar na ɓera.
5. Idan an kashe mota aka kama kan famfo aka girgiza, yana motsi. Famfo mai lafiya ba ya lilo.
6. Allurar zafi tana hawa sama da inda ta saba tsayawa.

Akwai kuma alamun da ke nuna ciwon ya riga ya kai ga juwan: man inji ya koma kamar shayi da madara, farin hayaƙi ba ya ɗaukewa ko da inji ya yi ɗumi, kuma ruwan radiyater yana kumfa lokacin da inji ke aiki. Motar da ta nuna waɗannan ba ta tafiya ba ce, ta garaji ce.

Mu saurari yadda motar ta ƙi tashi

Likita yana tambayar mara lafiya kafin ya ba shi magani. Mu ma mu saurari mota kafin mu sayi kaya.

– Ba motsi, ko “kas, kas”, fitilu kuma sun yi rauni: batir ya yi ƙasa. Kafin a sayi sabo, a tambaya me ya hana shi cika. A duba kuruwa da famfo da dinamo. Makanike yana da abin awo. Batir mai cika yana nuna wajen volt 12,6 idan mota a kashe take. Idan inji na aiki, awo ya kamata ya hau wajen 13,5 zuwa 14,5. Idan bai hau ba, batir ba ya samun ciko.

– Inji ya ɗan juya ya tsaya cak, alhali batir na da ƙarfi: ana tsoron ruwa a silinda, ko inji ya kafe. A bar makulli.

– Inji na juyawa da sauri ba nauyi, bai kama ba: ana tsoron kuruwar ciki ko zurarewar matsi. A bar makulli.

– Inji na juyawa daidai yadda ya saba, bai kama ba, ruwa bai ragu ba, mota ba ta yi zafi ba: a nemi ciwon wajen mai ko wuta. Ba laifin famfo ba ne.

Mu lura da wannan na ƙarshe. Ba duk ƙin tashi ne ke zuwa daga famfon ruwa ba. Yawancin lokaci batir ne ya tsufa, ko bakin wayarsa ya yi datti, ko mai ne babu. Haka kuma ba duk zafi ne laifin famfo ba: radiyater na iya toshewa, tiyo na iya fashewa, fanka na iya tsayawa. Abin da muke nema shi ne a duba kafin a kashe kuɗi.

Idan mota ta yi zafi a kan hanya

1. A tsaya a gefen hanya, a kashe inji. Kada a ce “bari mu ƙarasa gari na gaba”. Kilomita 5 da zafi sun isa su ƙona kulas.
2. A buɗe gaban mota don iska ta shiga.
3. Kada a buɗe murfin radiyater da zafinsa. A jira aƙalla minti 30. Sannan a sa tsumma mai kauri, a murɗa a hankali, fuska na nesa.
4. Kada a zuba ruwan sanyi cikin inji mai zafi, ko a watsa masa a kai. Tukunyar ƙasa da ke kan wuta, idan an zuba mata ruwan sanyi, tsagewa take yi. Haka kulas yake.
5. Bayan an ƙara ruwa a duba ƙasa. Idan yana zuba kamar yadda ake zuba shi, kada a ci gaba da tafiya.

Abin da ya shafi lafiyarmu

Yaran mota da yawa suna ɗauke da tabon ƙuna a hannu da fuska saboda buɗe radiyater da gaggawa. Idan ruwan zafi ya ƙona mutum, a riƙa zuba ruwa mai tsabta mai sanyi a wurin har minti 20. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura. Kada a shafa man inji, ko man goge haƙora, ko ƙwai, ko toka, ko kashin shanu. Kada a fasa ƙurajen ruwa da suka taso. A rufe wurin da ƙyalle mai tsabta. Idan ƙunar ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta taɓa fuska, ko ido, ko hannu, ko kuma yaro ne ya ƙone, a kai shi gidan likita ba tare da jinkiri ba.

Akwai kuma ruwan radiyater na kanti, mai launin kore, ko ja, ko shuɗi. Yana da kyau ga inji, amma guba ne ga mutum da dabba. Yana da ɗan zaƙi, shi ya sa yaro ko akuya ke iya shan sa. Yana kashe ƙoda. Kada a zuba shi cikin kwalbar lemo. Kada a zubar da tsohonsa kusa da rijiya ko wurin shan dabbobi. Bidon da ya ɗauke shi ba ya komawa na ruwan sha. Wanda ya sha shi, a kai shi likita nan da nan, ko da bai nuna alamar ciwo ba.

Rigakafi

Babban abin da ke kashe famfon ruwa a wajenmu shi ne irin ruwan da muke zubawa. Ruwan tabki yana da laka da yashi, suna cin zoben famfo. Ruwan rijiyoyi da yawa yana da kanwa ko farar ƙasa. Ku dubi cikin butar da ake dafa shayi kullum, za ku ga farin abu ya manne. Haka yake mannewa cikin radiyater da famfo. Ruwa tsura kuma yana sa tsatsa, tsatsa ta cinye farfela har ta kasa tura ruwa.

Ga abin da ya kamata mai mota da direba su riƙe:

– A sa ruwan radiyater na kanti idan da hali. Yana hana tsatsa. Idan babu, a sa ruwan sama mai tsabta da aka tace. Ruwan tabki sai don fita daga daji, kuma a wanke radiyater bayan an iso gari.
– Kowace safiya, kafin a tada mota, a duba ruwa da man inji, a leƙa ƙarƙashinta.
– A danna kuruwa da babban yatsa, inji a kashe. Ta ɗan lotsa kamar santimita 1. Idan ta yi sako-sako tana zamewa. Idan ta yi tauri da yawa tana cin rulman famfo.
– Kada a zuba garin barkono, ko taba, ko ƙwai a radiyater don toshe yoyo. Suna toshe hanyoyin ruwa, kuma ba sa gyara famfo.
– A kakkaɓe ƙaiƙayi da ciyawa da fara da ke manne a gaban radiyater, musamman lokacin kaka.
– Idan allurar zafi ta mutu, a gyara ta. Mota mara allura kamar makaho ne mara ɗan jagora.
– Mai doguwar tafiya ya riƙe bidon ruwa da kuruwa ta ajiya.

Ga ƙungiyoyin manoma da na mata masu mota ko tarakta, muna ba da shawara a ajiye ƙaramin littafi. A rubuta ranar da aka canza mai, da ranar da aka canza kuruwa, da yawan ruwan da ake ƙarawa. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci zai iya riƙe wannan littafi. Idan littafi ya nuna jiya lita 1 aka ƙara, yau ma lita 1, to a san akwai yoyo, a je garaji tun mota na tafiya da ƙafarta. A ware kuma ɗan kuɗi daga kowane jigila don gyara.

Famfon ruwa ƙaramin abu ne, kuɗinsa kuma kaɗan ne idan an gwada da kuɗin kulas ko na inji. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Daren da za a buga ƙofar direba a ce ga mace ta kasa haihuwa, ba lokacin neman makanike ba ne. Mu karanta wa direban garinmu wannan bayani, mu tambaye shi yaushe rabon da ya leƙa ƙarƙashin motarsa.